Furojet Ɗinmu Na Can Kwance A Bakin Matan Fada

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata ɗabi'a da muka ɗora wa kanmu wadda ya kamata mu zauna mu duba. Duk sanda aka ce za a shirya yawon buɗe ido, sunayen da ke fara fitowa daga bakinmu su ne Yankari, Jos, Abuja. A yi ta karo-karo, a yi ta rigima kan kuɗin bas, ƙarshenta rabin aji su zauna a hostal don ba su da halin biya. Alhali daga nan Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiya ce da ba ta wuce awa guda a mota. Mutane na tasowa daga Legas, har daga ƙasashen Turai, su zo kallon abin da ke ƙofar gidanmu. Mu kuwa in mun je, mu ɗauki hoto, mu ci gasasshen kifi, mu watsa a Facebook, shi ke nan sai baɗi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ɗalibin kwalejin fasaha bai kamata ya je Matan Fada a matsayin ɗan kallo kawai ba. Wurin aikinmu ne. Furojet ɗin da muke wahalar nema a kwamfutar masu buga takardu yana can kwance a bakin ruwa.

Bari mu fara tuna abin da muke magana a kai, don wasunmu an haife su a jihar nan amma labarin sama-sama suka sani. Bikin kamun kifi na Argungu, a yadda aka san shi yanzu, ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Kabawa da Sakkwatawa sun daɗe suna gaba, an gwabza yaƙe-yaƙe, don haka ziyarar ba ƙaramin abu ba ce. Aka shirya masa gagarumin su don girmamawa, abin ya ɗore. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Kwana huɗu ake yi, a ƙarshen ɗari ana shiga bazara. Akwai baje kolin amfanin gona, akwai dambe da kokawa, akwai kabanci, wato wasannin ruwa irin su tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu. Ranar ƙarshe a harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin ruwa da homa da gora, kowa na neman giwan ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin da ke bayan wannan rana. Ana hana su a wannan yanki na gulbi a sauran watannin shekara, domin kifi ya samu ya hayayyafa ya girma, kuma Sarkin Ruwa da manyan masunta ne ke tsare wannan doka. Ku duba fa: abin da malamanmu ke rubuta mana a allo da dogon Turanci kan kiyaye albarkatun ruwa, Kabawa sun daɗe suna aiki da shi ba tare da takarda ba. Wanda ya raina ilimin masunci, bai zauna da shi ba ne.

To amma biki kwana huɗu ne, gulbi kuma yana nan duk shekara, haka mutanen da ke ci a cikinsa. Nan ne matsalar take. Bayan bikin 2009 an yi kusan shekara goma ba a yi ba, sai a 2020 aka dawo. Ku tambayi kanku, mai sayar da tabarma da mai masauki da mai kwalekwale da suka dogara da baƙin biki, yaya suka yi a waɗannan shekaru? Garin da ya jingina kasuwar baƙinsa da mako guda yana cikin haɗari, ko da makon ya kai na Argungu suna. Sannan shi kansa ruwan ba tabbas gare shi ba. Akwai madatsun Goronyo da Bakolori a sama, akwai yashi da ke cike gulbi, ga noman rani na shinkafa da ya bunƙasa a fadama, injinan ban-ruwa na ta zuƙa. Babu wanda zai ce a daina noman shinkafa, da ita iyayen yawancinmu ke biyan kuɗin makaranta. Sai dai manomi da masunci ruwa ɗaya suke sha, kuma dole wani ya auna ya ga ko zai ishe su.

Wa zai auna? Ai mu ne ake koya wa awo.

Ɗan sashen safiyo ko injiniyan gine-gine zai iya ɗaukar wurare uku ko huɗu a gulbin, ya riƙa auna zurfinsu wata-wata har simista biyu. In ɗan ajin da ke bayansa ya ɗora daga inda ya tsaya, cikin shekara biyar makaranta na da bayanin da ko ma'aikatar ruwa za ta zo nema. 'Yar sashen kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje za ta iya ɗebo ruwa kafin a zuba taki da maganin feshi a fadama da kuma bayan an zuba, ta gwada ta ga bambanci. 'Yan makanikal, ku je ku ga yadda mata ke banda kifi, hayaƙi na cin idonsu, itace na cin ribarsu. Murhun banda mai rufi da ba ya cin itace da yawa ba abu ne da ya fi ƙarfin ɗan HND ba. 'Yan ƙididdiga, kifin da ya ci gasa a 2005 kilo 75 ne, na 2020 kilo 78. Amma ƙaton kifi guda ba ya nuna lafiyar gulbi. Abin da ke nunawa shi ne yawan abin da aka kama gaba ɗaya, nau'insa da girmansa, kuma wannan aikin ƙirga ne, naku ne. A 2008 ma sai da aka ƙwace kambu daga wanda aka fara bai wa, bayan an gano kifin nasa matacce ne tun kafin gasa. Ashe ko wajen tantance gwani akwai buƙatar mai ilimin gwaji.

Kada 'yan kasuwanci da akanta su ce ba su da rabo. Nawa baƙo ke kashewa a rana, kuma nawa ne daga ciki ke kwana a aljihun ɗan gari? 'Yan kwamfuta, baƙon da ya sauka Argungu a watan da ba na biki ba, ina zai duba ya san wurin kwana, wurin cin abinci da wanda zai zagaya da shi? 'Yan zanen gine-gine kuma ga gidan tarihi na Kanta, ginin ƙasa ne tun 1831, fadar sarki ce har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. Ginin da ya kusa shekara ɗari biyu a tsaye yana da darasin da zai koya wa duk mai tunanin siminti ne kaɗai gini. Shi wannan gida a buɗe yake ko ba biki. Mu nawa ne a ajinmu suka taɓa shiga?

Akwai kuma batun da ya fi duk waɗannan nauyi, wato rai. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya nutse a kogin Kwara kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski, da fasinjoji fiye da ɗari, yawancinsu ba su fita ba. Allah ya jiƙansu. Lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, babu rigar ruwa: abubuwan da ake ta maimaitawa ke nan duk sanda irin wannan ta faru. Jihar da ke alfahari da Matan Fada da bikin Rigata na Yauri, ya kamata a ce ɗalibanta na fasaha su ne kan gaba wajen lissafin nauyin da kwalekwale zai iya ɗauka, da neman hanyar samar da rigar ruwa mai araha.

Na san abin da za a ce. Na farko, ai wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne yashe gulbi da gyaran hanya sun fi ƙarfinmu. Amma furojet dole ne mu yi, ko muna so ko ba ma so, kuma kuɗi muke kashewa a kai. Tambayar kawai ita ce, za mu kashe su wajen sake buga aikin da wani ya yi a wata jiha shekara goma da suka wuce, a canza suna a ɗaure da baƙar fata, ko za mu kashe su a kan abin da in an tambaye mu a wurin neman aiki za mu iya bayani ba tare da gumi ba? Na biyu, tsaro. Wannan damuwa ce ta gaske, ba na raina ta. Sai dai tafiyar awa guda da rana, a dawo kafin magariba, ta fi kwana a hanyar Bauchi sauƙin tsarewa. Na uku, wasu 'yan uwa ba sa son cunkoso da cakuɗuwar lokacin biki, kuma suna da hujjarsu. To ai yawancin aikin da nake magana a kai ba lokacin biki ake yin sa ba. Gulbi ya fi ba da amsa ranar da babu makaɗa.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu, abubuwa uku ne kuma babu mai tsada a ciki. A ware rana ɗaya kowace simista ta zuwa Argungu, a kuɗin da ɗalibi mai cin garau-garau zai iya biya, a fara da gidan Kanta a ƙare a bakin ruwa. A zauna da shugabannin sassa a fitar da jerin batutuwan furojet da suka shafi gulbi da fadama, a manna a allon sanarwa tun farkon zango, kafin mutane su ruga wurin masu sayar da tsofaffi. Sannan a rubuta wa masarauta takarda cikin ladabi, a nemi izini da jagora, domin ruwan nan yana da masu shi, ba a faɗa masa da kwalba da igiyar awo ba sallama. Sharaɗi ɗaya kuma kada a sassauta: ba rigar ruwa, ba shiga jirgi, ko kai ne shugaban ƙungiya. Wanda ya koyi iyo a kududdufin unguwa ya tsaya a gaɓa.

Ku kuma 'yan ajin ƙarshe da ba su riga sun miƙa batu ba, ku haɗa kai ku uku ko huɗu, ku shiga mota ranar Asabar. Ku gaida masunta, ku zauna ku tambaye su abin da ya fi damunsu a sana'arsu. Na tabbata kafin la'asar za ku dawo da batutuwan da suka fi ƙarfin littafin rubutunku.