Rijiya ta bayar, kada guga ya hana

Ƴan uwa matasa, maganata ta yau da masu aikin taswira ce, ɗalibai da ma'aikatan ƙungiyoyi, duk wanda ya taɓa buɗe QGIS a kwamfutarsa.

QGIS manhaja ce ta zana taswira da nazarin ƙasa. Kyauta ce, kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Gary Sherman ya faro ta a 2002. Abin da ya ƙara mata ƙarfi shi ne ƙananan manhajojin da wasu ke rubutawa da harshen Python su ɗora mata, waɗanda ake kira filogin. QuickOSM yana jawo maka hanyoyi da gidaje daga OpenStreetMap. InaSAFE, wanda aka ƙirƙira don ƙasar Indunisiya, yana ƙiyasta mutane da gine-ginen da ambaliya za ta shafa. Wanda ya ga ruwan 2020 a Yamai ko na 2024 a Maraɗi ba sai an faɗa masa amfanin wannan ba.

Yaya aka yi suka iso mana? Masu su ne suka sa su cikin rumbun QGIS, jerin da kowa ke gani daga cikin manhajar. To mu fa? A cikinmu akwai masu rubuta nasu, amma sai a matse shi a fayil ɗin zip, a tura wa abokai uku ta WhatsApp, shi kenan. Ni a ganina wannan ba rabawa ba ce, ɓoyo ne.

Ga dalilina. Filogin yana aiki a kwamfutarka da irin ikon da kake da shi: zai iya karanta fayilolinka, zai iya share su. Wanda ya zo hannu da hannu, wa ya duba shi? A rumbun kuwa sai ka nuna inda rubutunsa yake a buɗe, da inda za a kai ƙorafi, sannan ƴan sa kai su duba kafin ya fito.

Na biyu, abin da ba a jera ba yakan mutu da tafiyar mai shi. A 2018 da QGIS 3 ta fito, an koma Python 3, filogin da yawa suka daina aiki. Wanda rubutunsa ke fili, wani na iya ɗauka ya gyara. Wanda ke cikin wayar mutum ɗaya fa?

Na san abin da za a ce. Wai aikina bai nuna ba. To akwai alamar gwaji, ka sa masa, masu amfani su sani. Wai za a kwashe mini wahala. Lasisin GPL ya wajabta a bar sunanka, kuma wanda ya gyara ya raba dole ya buɗe nasa gyaran. Gaskiya ne akwai ɗawainiya: kuɗin intanet, bayani da Turanci, amsa ƙorafin mutanen da ba ka sani ba. Amma waɗanda muke cin gajiyarsu ma sun ɗauki wannan nauyin.

Saboda haka in kana da filogin, fito da shi. In ba ka rubutawa, gwada na wani, ka sanar da shi inda ya cije. Kada ɗalibin Damagaram ya ƙare watanni kan abin da na Tawa ya gama tun bara.

Allah ya sa mu dace.