Sauya Mai Tsaron Gida: Magani Ne Ko Huce Haushi?

Duk wanda ya san Kura da Bunkure a watan Janairu ya san cewa lokaci ne da manomin rani ba ya da lokacin kansa. Alkama tana neman ruwa, tumatir ya fara nuna, motoci kuma suna ta lodi a Kwanar Gafan. Amma duk da haka, ran Lahadi 14 ga Janairu 2024, tun kafin la'asar gidajen kallon ƙwallo sun cika maƙil, domin a ranar ce Nijeriya ta buga wasanta na farko da Ikwatoriyal Gini a gasar cin kofin ƙasashen Afirka da aka yi a Kwaddebuwa. Da aka nuna sunayen waɗanda za su fara wasa, sai wuri ya kaure da surutu. Babu sunan Francis Uzoho, wanda aka saba gani a raga. Mai horad da 'yan wasa, José Peseiro, ya ajiye shi a benci, ya sa wani da ake kira Stanley Nwabali, wanda da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba.

Gasar ta daɗe da wucewa, amma gardamar da ta taso a wannan rana ba ta mutu ba. Duk lokacin da aka ci ƙungiyar da muke goyon baya, ko ta ƙasa ce ko Kano Pillars, maganar farko da za ka ji a teburin mai shayi ita ce a cire wane a sa wane. Shi ya sa na ga ya kamata mu koma baya mu duba wannan sauyi da idon basira, mu ga abin da ya gyara da kuma abin da bai gyara ba.

Ra'ayoyi uku a majalisa ɗaya

Idan mai karatu ya zauna a majalisun matasa a wancan lokaci, zai tuna cewa ra'ayin jama'a ya kasu kashi uku.

Kashi na farko, kuma su ne suka fi yawa da ƙarfin murya, su ne masu cewa ai an ma makara. Hujjarsu a bayyane take. Ran 29 ga Maris 2022, a filin wasa na Abuja, Thomas Partey na Ghana ya buga wata ƙwallo daga nesa wadda ta sulale ta ƙarƙashin Uzoho ta shige raga. An tashi ɗaya da ɗaya, kuma da wannan ƙwallo ce Ghana ta tafi gasar cin kofin duniya a Katar, mu muka zauna a gida. A watan Oktoba 2023, a wasan sada zumunta da Saudiyya, ya sake yin wani kuskuren da ya jawo ci. A watan Nuwamba kuma aka yi kunnen doki da Lesotho, aka sake yi da Zimbabuwe. A wurin waɗannan mutane ruwa ba ya tsami banza.

Kashi na biyu su ne masu cewa da tsohuwar zuma ake magani. Suna tuna wa jama'a cewa Uzoho yana ɗan shekara 19 ya tsare wa Nijeriya gida a dukan wasanninta uku na gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Suna kuma tuna daren da ya je Ingila a watan Oktoba 2022 tare da ƙungiyarsa ta Omonia daga tsibirin Kubrus, ya hana Manchester United sakat har sai da aka shiga mintocin ƙarshe kafin suka samu ƙwallo ɗaya tak. Tambayarsu ita ce, yaya za a ɗauki mutumin da bai saba da babban fage ba a damƙa masa amanar ƙasa a ranar farko ta babbar gasa?

Kashi na uku ba su da yawa, galibinsu dattawa ne waɗanda suka fara sauraren ƙwallo a rediyo tun zamanin Green Eagles. Su cewa suke yi ciwon ba a raga yake ba, kuma ko wa aka sa, muddin 'yan baya suna barin ƙofa a buɗe, to za a ci gaba da ɗibar ƙwallo a raga. Ba a cika sauraronsu ba, domin maganarsu ba ta da daɗin ihu.

Layin waɗanda aka ɗora wa laifi

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu tuna yadda aka zo nan. Vincent Enyeama ya buga wa Nijeriya wasa 101, kuma da shi aka ci kofin Afirka a 2013. Shi kansa ta hanyar sauyi ya shigo: a gasar cin kofin duniya ta 2002, bayan an ci Nijeriya wasa biyu, Adegboye Onigbinde ya ajiye Ike Shorunmu ya sa shi a wasa da Ingila, aka tashi babu ci. A watan Oktoba 2015 ya ajiye aiki bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsa da mai horad da 'yan wasa Sunday Oliseh.

Tun daga nan raga ba ta zauna a hannun mutum ɗaya ba. Carl Ikeme ya fara kama wurin, sai aka gano yana da ciwon daji na jini a 2017, ya bar wasa. Daniel Akpeyi ya tsare gida a gasar Afirka ta 2019 a Masar, har zuwa daren da Riyad Mahrez na Aljeriya ya zura ƙwallo a minti na ƙarshe na wasan kusa da na ƙarshe. Sai jama'a suka ce a cire shi. Aka kawo Maduka Okoye, aka yi ta yabonsa, har zuwa ran 23 ga Janairu 2022 a Garwa ta ƙasar Kamaru, inda ƙwallon Youssef Msakni na Tunisiya ta kuɓuce masa. Sai jama'a suka ce a cire shi a dawo da Uzoho. Wata biyu kacal bayan haka Partey ya buga tasa ƙwallon a Abuja, bakin da ya nemi a dawo da Uzoho kuma shi ne ya fara neman a kore shi.

To, jama'a, idan gida ya sauya ƙofa sau huɗu kuma ɓarawo bai daina shiga ba, ai ya kamata maigida ya zagaya ya duba katanga.

Me ya sa sauyin 2024 ya yi amfani?

Ba wanda zai musa cewa Nwabali ya fitar da Peseiro kunya. Bayan kunnen doki na ranar farko, Nijeriya ta buga wasa huɗu a jere ba a zura mata ƙwallo ko ɗaya ba: da Kwaddebuwa, da Gini Bisau, da Kamaru, da Angola. Ran 7 ga Fabrairu a garin Bouaké, a wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida, Nwabali ya tare biyu. A dukan wasanni bakwai na gasar, ƙwallo huɗu kaɗai ta shiga ragarsa. 'Yan kashi na farko sai suka yi ta bugun ƙirji suna cewa ai mun faɗa.

Amma a ganina akwai abubuwa biyu da ihun murna ya rufe.

Na farko, ba a gidan kallo aka zaɓi Nwabali ba. Masu ihu sun san wanda ba sa so, amma ba su san wanda suke so ba. Peseiro ne ya tashi takanas ya je Afirka ta Kudu ya ga yaron da idonsa a ƙungiyar Chippa United kafin ya kira shi. Gani ya kori ji. Da a ce da sakamako kaɗai ake auna mai tsaron gida, da ba a kira shi ba, domin a watan Yuli 2021 da ya tsaya wa Nijeriya a wasan sada zumunta da Meziko a Amurka, ci huɗu da nema aka yi mana. Abin da ya kamata ya ba mu kunya mu 'yan Arewa shi ne, wannan yaro a nan maƙwabtanmu ya yi wasa, a ƙungiyar Katsina United, kafin ya tafi Afirka ta Kudu a 2022. Yana gabanmu ba mu san darajarsa ba, sai da Bature ɗan Fotugal ya je wata ƙasa ya nuna mana shi.

Na biyu, ba mai tsaron gida kaɗai aka sauya ba. Daga wasa na biyu Peseiro ya sake tsarin baya baki ɗaya. Ya jera mutum uku a tsakiya, wato William Troost-Ekong da Semi Ajayi da Calvin Bassey, sannan ya sa biyu a gefe suna hawa suna dawowa, irin su Ola Aina da Zaidu Sanusi. Hatta 'yan gaba sai da aka sa su dawo baya su taya tsaro. Saboda haka ƙwallon da ke isa wurin Nwabali ta riga ta ratsa shinge biyu. Uzoho bai samu irin wannan gata ba. Ashe dattawan nan na kashi na uku ba shirme suke yi ba.

Mu da muke noma a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Tiga mun fi kowa sanin wannan. Ruwa yakan taso daga madatsa ya bi babbar hanya, ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi kafin ya iso gona. Idan bai iso gonar da ke can ƙarshen layi ba, mai gonar yakan tasa mai buɗe ƙofar ruwa a gaba da faɗa, domin shi ne idonsa yake gani. Wani lokaci kuwa da gaske laifinsa ne. Amma sau da yawa ciyawar kacala ce da yashi suka toshe hanya tun daga sama, ko kuma wani ya fasa gefen hanyar ya karkatar da ruwan zuwa gonarsa. Ko ka sauya mai buɗe ƙofa sau goma, in ba a yi gayya an yashe hanya ba, alkamarka za ta bushe. Mai tsaron gida shi ne mutumin ƙarshen layi: kuskuren mutum goma a hannunsa yake bayyana.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Ran 11 ga Fabrairu Kwaddebuwa ta ci mu biyu da ɗaya a wasan ƙarshe a Abijan. Peseiro ya tafi bayan gasar. A watan Yuni 2024, Nwabali yana raga, Jamhuriyar Benin ta ci mu biyu da ɗaya a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya. A watan Nuwamba 2025 kuma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da mu a Rabat a bugun daga kai sai mai tsaron gida. A tsakanin nan an ji wasu daga cikin waɗanda suka ɗaga shi sama suna cewa shi ma a cire shi.

Inda abin ya wuce wasa

Ɗan kallo yana da haƙƙin faɗin ra'ayinsa. Ya biya kuɗin shiga, ya bar aikinsa, kuma ba don shi ba da babu ƙwallon. Sauya ɗan wasan da ƙarfinsa ya ragu ba zalunci ba ne, aikin mai horarwa ke nan. Abin da ke damuna shi ne yadda ra'ayi yake rikiɗewa ya zama cin mutunci.

Bayan wasan Garwa, zagi da barazanar da aka yi wa Okoye ta wayar hannu sun wuce misali, kuma ya daɗe bai sake tsayawa a ragar Nijeriya ba. Bayan wasan Abuja, 'yan kallo sun afka cikin fili suka yi ta fashe-fashe, har hukumar FIFA ta ci Nijeriya tara. Bayan wasan ƙarshe na Abijan, da ba a samu abin cewa a kan mai tsaron gida ba, sai aka koma kan Alex Iwobi, har ya goge hotunansa daga shafinsa na Instagram. Sai da kyaftin Ahmed Musa, wanda Kano ta san shi tun yana Pillars, ya fito ya roƙi jama'a su daina. Wannan ya nuna cewa ba gyara ake nema ba, wanda za a huce a kansa ake nema.

Mu a Kano mun ɗanɗani kuɗar wannan hali. A watan Afrilu 2022 an farfasa motar 'yan wasan Katsina United a Kano, aka zabtare wa Pillars maki, kuma a ƙarshen wannan kaka ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 ta faɗa rukuni na ƙasa. Ba mai tsaron gida ne ya jefa dutsen ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yaranmu kuma suna kallo. A filayen makarantun firamare na ƙauyukanmu, in za a raba 'yan wasa da yamma, da wuya ka ga yaron da ya ce shi ne zai tsaya a raga, sai dai a tura ƙarami ko wanda ya zo a makare. Sun riga sun koya daga bakin manya cewa wanda ya tsaya a nan shi ne mai ɗaukar zagi. To daga ina Enyeama na gobe zai fito?

Daga ƙarshe

Kirana na farko ga masu horad da 'yan wasa ne da shugabannin ƙungiyoyi, tun daga ta ƙasa har zuwa ta unguwa. In za ku sauya mutum, ku sauya shi bisa abin da kuka gani a filin atisaye, ba bisa ƙarfin ihu ba. Ku kira shi gefe ku gaya masa dalili kafin ya ji a bakin duniya, ku kuma bar masa ƙofar dawowa. Ku riƙa zuwa kallon wasannin cikin gida a Kano da Katsina da sauran wurare, domin akwai irin su Nwabali da yawa da ba a gani ba.

Kirana na biyu gare mu ne 'yan kallo. Kafin ka ce a cire wane, tambayi kanka abu biyu: wa za a sa, kuma ta ina ƙwallon ta biyo kafin ta iso wurinsa? In ba ka da amsa, to ka sassauta murya. Wanda kake zagi ɗan wani ne, yana da uwa da iyali da suke jin abin da ake faɗa. Uzoho ya zauna a benci kusan dukan gasar, yana cikin tawagar da ta kawo wa ƙasa lambar azurfa. Shi ma ya cancanci a ce masa sannu da aiki.

Allah ya ba mu haƙuri da juna, ya kuma sa albarka a noman rani na bana.