Mu Shigo da Ganuwa Cikin Aji

Jama'ar Gwarzo da Kabo, iyaye da malamai da samari, ku tara hankalinku nan.

Daga Gwarzo zuwa birnin Kano kusan kilomita 70 ne, daga Kabo ma bai kai haka ba. Amma ku leƙa aji ku tambayi yara wa ya taɓa hawa Dutsen Dala, wa ya taɓa shiga Gidan Makama. Yaro ya haddace cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, amma idonsa bai taɓa sauka kan ko ɗaya ba. Kuɗin mota ya fi ƙarfin uba, shugaban makaranta kuma yana tsoron ɗaukar alhakin 'ya'yan mutane a kan titi. Ga shi an cire darasin tarihi daga ƙananan makarantu a 2009, sai da aka kwashe shekaru kafin a dawo da shi, ya dawo ba kayan aiki.

To, yanzu akwai hanya. Ana ɗaukar hoton wuri ta kowace kusurwa a haɗe shi, mai kallo ya juya waya ya ga gabas da yamma, sama da ƙasa, kamar yana tsaye a wurin. Da waya ɗaya da majigi da ƙaramar sola, aji guda zai zagaya dalar Giza ta Masar. A 2022 kamfanin Google ya ɗora shafuka sama da 40,000 na tsofaffin littattafan Timbuktu a intanet, da rubutu irin wanda almajiranmu suka saba gani. Yarabawa ma an ɗauki kurmin Osun na Osogbo an adana.

Mu fa? Wa zai taso daga Amurka ya ɗauki Getso? Wa ya san hanyar Godiya in ba mu ba? Ta wannan yanki namu masu jihadin Kano suka bi, ta Gammo da Kabo da Godiya har zuwa Karaye, kafin mulkin Sarki Alwali ya faɗi. Tarihin da ake jarrabawa a kansa a bayan gidanmu aka yi shi. Abin da ya rage na tsofaffin ganuwoyi damina na ci, masu ɗiban ƙasa na ci, dattawan da suka san sunan kowace ƙofa kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Samarin da ke yini kan TikTok, wayar da ke hannunku ta isa wannan aiki. Ku nemi izinin hakimi da dagaci, ku ɗauki kufai da tsohon masallaci da marina da maƙera, ku zaunar da dattijo ya yi bayani da bakinsa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku sayi majigi da sola. Kuɗin liyafar taron shekara guda ya isa, kun fi kowa sani. 'Yan kwamitin iyaye da malamai, ku sa ido kada kayan su ƙare a kabad ɗin ofis.

Malamai, naku ya fi nauyi. Idan aka kunna hoto aka yi shiru, gidan kallo aka buɗe. Ku tsayar da shi, ku tambaya: don me aka yi ganuwa da kauri haka? Me ya sa marina ke kusa da ƙofar gari? Kuma duk abin da aka ɗauka a ajiye kwafinsa a makaranta, domin Google da kansa ya rufe manhajarsa ta yawon ajin makaranta, Expeditions, a 2021.

Kada a jira Abuja, kada a jira kwangila. Kafin ruwan bana ya sauka, kowace makaranta a Gwarzo da Kabo ta zaɓi wuri ɗaya ta ɗauka. Allah Ya ba mu iko.