Tsohuwar Mota: A Duba Lafiyarta Kafin a Duba Fentinta

Idan albasa ta yi kasuwa a Aliero, ko shinkafa ta yi albarka a fadamun Jega da Maiyama, burin magidanta da yawa shi ne su mallaki mota. Da yake sabuwa ta fi ƙarfin aljihun talaka, sai a nufi dillalai a nemi ta hannu, ko wadda aka shigo da ita daga waje, wadda ake kira Beljiyam. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka.

Babban kuskuren masu saye shi ne bin ƙyallin fenti, alhali sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Kamata ya yi a binciki tsohuwar mota yadda likita ke binciken majiyyaci, wato a bi alamomi ɗaya bayan ɗaya, kuma mai saye ya je da nasa bakanike, ba na dillali ba.

Da farko, a tayar da injin da sassafe kafin ya ɗauki zafi, a dubi hayaƙin salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta cewa baƙin mai yana ƙonewa tare da fetur, galibi saboda ringin fistin ya cinye. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya rinjayi iska, wanda ba ƙaramar asara ba ce tun da aka janye tallafin mai a 2023. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa kuwa yana nufin ruwa ya sami hanyar shiga injin. A zaro ma'aunin baƙin mai. Idan man ya koma kamar shayi da madara, to gaskit ya ƙone.

Na biyu, a leƙa ƙarƙashin mota. A ƙasashen sanyi ana barbaɗa gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa yana hanzarta tsatsa. Tsatsar nan tana cin bututun man birki, tana kuma huda salansa. Salansa mai ɓula tana iya tura iskar kabon monoksaid cikin mota. Wannan iska ba ta da launi ko wari, amma tana kama himoglobin, wato sinadarin jini mai ɗaukar iskar oksijin, fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200. Direba sai ya ji ciwon kai da gyangyaɗi a kan hanyar Jega zuwa Yawuri, ya ɗauka gajiya ce.

Na uku, taya. Roba tana tsufa ko da ba a mora ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu: 2318, alal misali, na nufin an ƙera ta a mako na 23 na 2018. Tsohuwar taya mai tsattsagewa ba ta jure kwaltar watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40.

Daga ƙarshe, a gwada lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke cikin takardun kwastan. Idan suka saɓa, a haƙura da cinikin komai arharsa.

Wani zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, kuma bakanike sai an sallame shi. Gaskiya ne, amma ladan bakanike bai kai kuɗin sauke injin ba, balle ran fasinja. Wannan bincike kuwa ba baƙo ba ne ga ɗalibin sakandare: konewar mai da tsatsa da aikin jini duk suna cikin darussansa na kimiyya. Ya dace malamai su riƙa kai ɗalibai garejin da ke kusa su ga waɗannan alamomi da idonsu, domin ranar da mahaifi zai sayi mota ya sami mai ba shi shawara a cikin gidansa. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.