Sassaben Gona: A Sayi Tarakta Ko a Kira Ɗan Kwangila?

Tun bayan rushe-rushen da hukumar birnin Abijan ta gudanar a shekarar 2024, da hana talla a bakin manyan tituna, da kuma tayar da kasuwar dabbobi ta Port-Bouët zuwa Adjamé, zancen komawa gona ya zama ruwan dare a majalisun 'yan kasuwarmu na Williamsville da Adjamé da Treichville. Haka abin yake a kasuwannin kan iyaka irin su Jibiya da Ɗan Isa da Illela da Birnin Ƙwanni da Maigatari, inda mutane ba su manta da rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ba, balle wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, wadda ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Duk wanda ya ga kayansa sun ruɓe a cikin mota a bakin iyaka, ko ya wayi gari ya tarar an baje rumfarsa, dole ya yi tunanin inda zai ɓoye wani abu daga jarinsa. Babu shakka gona tana daga cikin wuraren da suka fi dacewa, kuma wannan jarida tana goyon bayan wannan tunani.

Sai dai kuma da zarar an sami fili, tambaya ɗaya ce ke raba kan jama'a. Wasu na ganin gara mutum ya sayi ƙaramar tarakta ya aika gida, ƙannensa da yaransa su yi sassabe da kansu, tarakta kuma ta zama kadara. Wasu na ganin a kira ɗan kwangila mai katafila ya share dajin cikin kwana biyu a huta. A ra'ayinmu, kowane ɓangare ya yi gaggawa, domin akwai abubuwan da ya kamata su gabaci sayen ƙarfe ko hayarsa, kuma a nan ne dukiyar mutane da dama ta salwanta.

Na farko shi ne takarda. A nan ƙasar Kodebuwa, an daɗe ana tafiya a kan maganar nan ta marigayi Shugaba Houphouët-Boigny da ke nuna cewa ƙasa ta wanda ya raya ta ce, kuma a kanta baƙi da yawa suka sare daji suka dasa koko da kofi. To amma dokar filayen karkara ta ranar 23 ga Disamba 1998 ta zo da wani hukunci daban: gwamnati da ƙananan hukumomi da 'yan ƙasa ne kawai ke iya mallakar filin karkara, kuma tsarin mulkin 2016 ya sake jaddada haka. Wanda ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, iyakarsa haya, ko da mai dogon zango ce. Rikicin Tabou na Nuwamba 1999, wanda ya raba dubban manoma 'yan asalin Burkina Faso da gonakin da suka yi shekaru suna wahala a kansu, ya isa darasi, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Don haka duk wanda aka yi wa tayin fili a Tiassalé ko Toumodi ko Bouaké, kafin ya sare ko da reshe ɗaya, ya nemi ganin takardar shaidar filin, ya bi ta kwamitin ƙauye da ofishin hukumar yankin, ya kuma san cewa tun 2016 akwai hukumar AFOR mai kula da wannan sha'ani. Shan goro da dattawan ƙauye yana da kyau, amma ba ya tsayawa a gaban alƙali ranar da 'ya'yansu suka taso.

Masu niyyar noma a gida ma ba su tsira daga wannan ba. A Nijeriya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar izinin amfani da filin karkara. A Nijar kuwa, tun bayan dokar karkara ta 1993, akwai kwamitocin filaye da ake kira Cofo tun daga matakin ƙauye, su ne ke rubuta ciniki da aro da jingina. A tabbatar kuma filin bai ci burtali ko makiyaya ko mashaya ba. Tarakta ba ta san iyaka ba, direban haya kuma ba ruwansa da wanda zai zo da shanu bayan kaka. Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100.

Abu na biyu shi ne a san aikin da kowane inji zai iya. Mutane da dama na ɗauka cewa tarakta ƙanwar katafila ce, alhali ayyukansu sun sha bamban. Ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 50 nauyinta bai cika wuce tan biyu ba, an ƙera ta ne don huɗa da kaftu da jan tirela da juya injin casa ko na ban ruwa. Katafila irin D6 ko D7 kuwa tana kai tan 20 ko fiye, tana tafiya a kan sarƙa, ita aka yi domin ture itace da tumɓuke kututture. Wanda ya sa ƙaramar tarakta aikin katafila, zai ƙone kulocinta, ya fasa tayoyinta a kan tsinin kututture, ya karya faifan garma a kan saiwa. Mafi muni, idan aka ɗaura sarƙa a saman bayanta aka ja kututturen da ya ƙi tasowa, gabanta ne ke ɗagawa ta kife ta baya a kan direba cikin ƙiftawar ido, kuma yawancin tsofaffin taraktocin da ake sayarwa na hannu ba su da ƙarfen kariya a saman kujera. Yaron da za a ɗora a kai ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan mai taraktar.

Sannan sai lissafi, wanda ba sai an koya wa ɗan kasuwa ba. Huɗar hekta 10 aikin 'yan kwanaki ne ga tarakta. A ƙasar Hausa kuma damina ɗaya ce, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin huɗa bai wuce 'yan makonni ba. Sauran watannin fa? Kuɗin da da yana juyawa a goro ko albasa ko atamfa sau da yawa a shekara, ga shi nan a ajiye a gindin bishiya rana tana cin tayoyinsa. A ƙara da kuɗin jirgi da na kwastan, da albashin direba, da gas, da juyen baƙin mai, da makanike. 'Yan'uwanmu masu sayar da kayan gyaran mota sun fi kowa sanin cewa injin da ba a samun kayansa a kusa, gawa ce mai fenti. Fanfon gas ɗaya ya lalace a farkon Yuli, kafin a samo shi daga Kano ko Legas ko Abijan shuka ta wuce. Idan har za a saya, a sayi irin da makanikan yankin suka sani, kamar Massey Ferguson da ta daɗe a hannun mutanenmu, ko wata wadda dillalinta ke da shago da kayan gyara a kusa. Araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a fili: mai tarakta yana Treichville, tarakta tana Madarumfa ko Ɗanbatta. Wa ke ƙirga awannin da ta yi? Wa ya san gonar wa ta kwana? Mun sha jin zumunci ya ɓaci tsakanin wa da ƙane a kan kuɗin hayar da ba a gani ba da gas ɗin da ya bi iska. Gwamnatoci ma da ke da ma'aikata da ma'aji sun sha kaye a nan. Duk wanda ya zaga harabar ma'aikatun gona da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a Arewacin Nijeriya ya ga gawarwakin taraktocin haya jere, ciyawa ta fito ta cikinsu. Hukumar NALDA da aka kafa a 1992 domin share filayen noma, an rushe ta a 2000, sai a 2020 aka sake farfaɗo da ita. Idan hukuma ta kasa riƙe direba da makanike da lissafi, mutumin da ke nesa da kilomita fiye da dubu sai ya yi da gaske. A yankunan da 'yan bindiga suka addaba kuwa, daga Jibiya zuwa Sabon Birni zuwa Gidan Rumji, sabuwar tarakta a ƙofar gida tamkar shela ce cewa akwai mai kuɗi a dangi.

Kada masu goyon bayan ɗan kwangila su ɗauka mun ba su gaskiya. Albarkar gona tana cikin 'yar baƙar ƙasar nan ta sama wadda kaurinta bai wuce taƙi guda ba, kuma ita ce katafila ke fara kankarewa ta tara a gefe tare da itatuwa a cinna wuta. Binciken da masanin ƙasa Rattan Lal ya jagoranta a cibiyar IITA ta Ibadan a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 ya nuna cewa filin da aka sassabe da hannu shi ya fi ƙarancin zaizaya, wanda aka ture itatuwansa aka yaye saiwoyinsa da katafila shi ya fi lalacewa, wanda kuma aka yanke itatuwansa daidai fuskar ƙasa aka bar saiwa a ciki ya faɗo a tsakiya. Ɗan kwangila ana biyansa ne ya bar fili fes, ba shi zai zo auna buhu nawa aka samu bayan shekara uku ba. A jigawar ƙasar Hausa kuwa, filin da aka yi wa ƙwal, iskar farkon damina ce ke kwashe shi ta binne shuka da rairayi.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna wata hanya. Tun daga shekarun 1980 suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a sare sauran. Ta haka gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya suka dawo gonaki, har masana suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, gindinsa kuma ya fi ko'ina yabanya. A 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙi a kan itatuwan da ya raya ta wannan hanya. Abin kunya ne ɗan kasuwa ya biya kuɗi mai yawa a ture abin da maƙwabcinsa talaka ya yi shekara 20 yana reno, ga kuma jami'an gandun daji da tara a kan itatuwan da doka ta hana sarewa.

Shawararmu ke nan. Bayan an kammala takarda, a fara da hekta biyu ko uku, kada a buɗe dajin gaba ɗaya. A ɗauki 'yan ƙwadago na garin da gatari da adda su yi sassabe da rani, a shafa wa itatuwan da za a bari fenti. Kuɗin ya shiga aljihun maƙwabta, su kuma su zama masu gadin gonar. Inda akwai manyan kututtura ko ana son hanya ko tafki, a nan ne ake kiran mai katafila, kuma a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: hekta nawa, a auna kafin aiki da bayansa, wa zai sayi gas, wa zai biya kuɗin ɗauko injin, ina za a tara itace, a kuma rubuta cewa ba a yarda a kankare ƙasar sama ba. Kada a biya kuɗi duka a gaba, kada a yarda a yi aikin ƙasa tana jiƙe sharkaf domin nauyin injin yana danƙare ta, kuma mai gona ya rufe shago ya je ya tsaya da kansa, don zuwa da kai ya fi saƙo. Huɗar shekara biyun farko a yi ta da garmar shanu, wadda ke iya kewaye kututture, ko da taraktar haya. Idan gona ta nuna alheri, aka sami amintaccen direba da makanike, aka kuma tabbatar akwai aikin rani kamar fadama da jigilar taki da amfanin gona da huɗar maƙwabta, to a lokacin ne sayen tarakta ke zama ciniki. Wanda gonarsa ba ta kai ba, ya haɗa kai da 'yan ƙungiyarsa su sayi guda, da littafin lissafi da ma'aji.

Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Adjamé da Treichville da Williamsville da su gayyato lauyoyi da malaman gona su yi wa jama'a bayani da Hausa, su kuma riƙa ajiye sunayen 'yan kwangilar da aka gwada aka ga amanarsu da waɗanda suka ci amana. Muna kuma kira ga limamai da su tunatar da mutane cewa rubuta bashi da yarjejeniya umarni ne na addini, ko da tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne. Hukumomin jihohin kan iyaka su ma su sauƙaƙa samun takardun fili, su fitar da farashin hayar injunansu a fili kowa ya gani.

Jarin da aka tara da dakon rana a kasuwa da kwanan mota a hanya bai kamata a binne shi a daji cikin mako ɗaya ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu dace.