Daga Sharm el-Sheikh zuwa Bagwai: Wa ke tantance wanda ake damƙa wa rai a kan ruwa?

Baƙon da ya sauka a otal na bakin teku a Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar, idan ya so nutsewa domin kallon halittun Bahar Maliya, ba ya bin duk wanda ya yafito shi. Yana da tambayoyi: Ina lasisin kamfanin? Wa ya horar da jagoran? Yaushe aka gwada tukwanen iskar? Akwai iskar oksijin ta gaggawa a jirgin? Amsoshin kuma a rubuce suke, domin Masar na da hukumar da ke tantance kamfanonin nutso, ƙungiyoyi irin su PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, kuma suna ba da takardar shaida mataki-mataki. Mai takardar farko ba ya wuce zurfin mita 18, kuma ba a barinsa ya nutse shi kaɗai.

Manomin da ke tsaye a bakin madatsar ruwa ta Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai ta Jihar Kano, shi ma ransa zai damƙa wa wani a kan ruwa. Bambancin shi ne ba shi da takardar da zai duba, sau da yawa ma ba shi da jirgi na biyu da zai zaɓa.

Abin da 2021 ta fallasa

Ranar 30 ga Nuwamban 2021, da yamma, kwale-kwalen da ya taso daga Badau ya kife a Watari. Mafi yawan fasinjojin ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Hukumomi sun tabbatar da mutuwar aƙalla mutum 29, suka kuma ɗora laifin kan lodi fiye da kima. Ba shi ne karo na farko ba: a 2008 ruwan nan ya ci gomman 'yan biki. Gwamnatin Abdullahi Ganduje ta dakatar da fito a mashigar, ta kafa kwamitin bincike.

Dakatarwa tana kwantar da hankalin jama'a na ɗan lokaci, amma ba ta kawar da dalilin shiga jirgin. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, jihar ta rungumi gina madatsun ruwa domin noman rani. Watari a Bagwai, Tomas a yankin Ɗambatta, da Wasai a Minjibir sun shayar da gonaki, amma sun kuma shimfiɗa ruwa mai zurfi a tsakiyar ƙasar da ƙauyukanta ke manne da juna. Inda ruwa ya raba ƙauye da kasuwa ko asibiti, hanyar tudu kuma ta zama zagaye mai tsada, fito ya zama dole. Wanda dole ta sa shi a jirgi ba ya tambayar matuƙi shaidar ƙwarewa.

Masu ceton da ba su da suna a takarda

Tambaya ta biyu ita ce ta wanda zai shiga ruwa idan jirgin ya kife. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida idan ta rasa iska. Babu motar kashe gobara da za ta iso daga wani gari cikin wannan lokaci. Don haka a zahiri masunta da 'yan fito ne masu ceto, jami'an gwamnati kuwa galibi tsamo gawa ke kawo su. Haka lamarin yake a kududdufan da aka haƙa domin ƙasar gini, waɗanda ke cika da damina suna cin yara a kowace shekara.

Masuntan sun san ruwansu, sun san inda laka take da inda kututture ke ɓoye. Sai dai da numfashin ƙirjinsu kaɗai suke nutsewa cikin ruwan da ba a ganin tafin hannu. Miƙa musu tukunyar iska ba tare da horo ba ma wani haɗarin ne: a zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na doron ƙasa, wanda kuma ya shaƙi iskar tukunya ya taso da sauri yana riƙe da numfashi na iya fasa huhunsa.

Dokar tana nan, mai aiwatarwa ne babu

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin da suka wajabta rigar kariya, suka hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Amma ƙa'idar da ba ta da mai tsaron ta a bakin mashiga magana ce kawai. Kifewar jirgin da ya kashe fiye da mutum 100 a yankin Patigi na Jihar Kwara a Yunin 2023 ta nuna matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce.

Takarda ma ba laya ba ce. A Nuwamban 2024 jirgin masu nutso mai suna Sea Story ya kife kusa da Marsa Alam a Masar, aka yi asarar rayuka. Amfanin rajista shi ne tana barin sawu: an san mai jirgi, an san adadin fasinja, an san wanda za a tuhuma.

Wannan sawun ba ya buƙatar biliyoyi. Ƙaramar hukuma na iya rubuta sunan kowane matuƙi, ta zana adadin fasinja a jikin jirgi, ta ajiye rigunan kariya a hannun Sarkin Ruwa, ta koya wa masunta farfaɗo da wanda ya sha ruwa, ta kuma biya su. Ga matasan da ke bibiyar kasafin kuɗi, ga tambayoyin da suka dace da ɗan majalisa da shugaban ƙaramar hukuma: Me kwamitin 2021 ya ba da shawara, kuma nawa aka aiwatar? Jirage nawa ke da rajista a Watari yau? Mutum nawa ne a ƙaramar hukumar aka horar su nutse su fito da wani da rai?