Mu Dasa Bado a Kududdufinmu

Kududdufin da ke bayan ɗakunan kwananmu ya zama juji da gidan sauro. Waɗansu sun ce a cike shi da ƙasa. Mu kuwa a ganinmu gara a kwashe sharar, a dasa bado.

Bado ɗan gida ne, ba sai an sayo iri ba. Kakanninmu sun ci saiwarsa da 'ya'yansa a shekarun yunwa. Dashe ɗaya ya isa, gama ko ruwa ya ƙafe da rani, saiwar takan kwanta cikin laka, ta sāke tsiro da damina. Farin furensa yakan buɗe da dare, ya rufe da hantsi.

Dashensa ba wuya. A binne saiwar cikin laka, inda ruwa ya kai gwiwa, ba ya gudu, rana kuma tana dukansa. Sa'an nan a zuba ƙananan kifaye su cinye 'ya'yan sauro. Amma kada mu bar kacalla ta kama wurin, gama ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru.

Muna roƙon Shugaban makaranta ya danƙa wa ƙungiyarmu ta manoma wannan aiki kafin ruwan farko ya sauka.